Ƙwayar Ganye, Ƙwayar Kemis da Kwanon Mairama

Yayana Basharu bai taɓa kwanciya ciwo ba. Da wannan na fara, don mai karatu ya san irin mutumin da aka sayar wa magani. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba, kuma tun da na yi wayo a gidanmu na Gwandu ban ga an dama masa kunun marar lafiya ba. Shekarar da ƙyanda ta kwantar da mu gaba ɗaya, shi ke ɗebo ruwa yana yi mana dariya. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce in sauro ya ciji Basharu, sauron ne ke tafiya da zazzaɓi.

Karatu bai zauna masa ba, ƙarfe ya zauna masa. Da facin keke ya soma, ya koma babur, daga baya ya tsaya a kan injin ban-ruwa, kuma a nan sunansa ya fita. Da rani manoman albasa na Masama da Kambaza sukan ɗauro injinansu a bayan babur su jere a bakin rumfarsa. Ba ya sauraron bayanin mai inji. Sai ya ce a yi shiru, ya kwance fulogi ya shinshina, ya buɗe kafireto ya hura, sannan ya naɗe igiya a hannu ya fizga, inji ya tashi. Ya haura hamsin, amma buhun albasa in ya tare masa hanya ba ya kiran kowa. Ci kuwa, malmala uku ba ta sa shi gyara zama.

Mai ciyar da shi ita ce Mairama, 'yar Maruda, wadda aka kawo gidanmu ina 'yar makarantar sakandare. Mace ce marar yawan magana, hannunta ke yi mata. Daddawarta ita ke dafa kalwarta, man shanunta ita ke soyawa da albasa har ƙamshi ya tsallake katanga. A unguwarsu maza suna ciyayya bayan magariba a ƙofar gidan Yaya, kowane gida a fito da kwano, kuma kowa ya san wanda ake fara buɗewa. In ana biki ko suna, babbar tukunya tata ce, ba a ma tambaya. Wata da digiri take taƙama, wata da gwal. Mairama da kwanonta, wanda ke komawa cikin gida a suɗe tun tana amarya.

Sai Salihu, ɗan Gwaggonmu na Kalgo, dillalin albasa, taubashinmu. Shi da Yaya sa'o'i ne, kuma tun suna yawo ba wando kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa. Salihu ya ɗauke wa Yaya hula a taron ɗaurin aure, ya kira Mairama matarsa, ya ce a gaban mutane Yaya da aron kai yake yawo. Ƙa'idar dai an santa: wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Duk abin da ɗaya ya yi sai ɗayan ya yi wanda ya fi shi, amma ba irinsa ba, don kada a ce ya bi bayan bawa.

Salihu ne ya fara shan ƙwaya. Matarsa ta haihu, aka ba ta 'yan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa na bitamin B, ta sha ta gaji ta ajiye. Shi kuma ba ya son asara, ya shanye saura. A makon ya yi ciniki mai kyau, ya ce daga ƙwayar ne. Daga nan kullum sai ya biya kemis an ƙulla masa a leda. In ya zo Gwandu sayen albasa yakan zauna a bencin rumfar Yaya, ya jefa guda a baki ba ruwa, ya daki ƙirji, ya ce tsufa ya kama bawansa shi ya bar shi. Abin yana cin Yaya. In ya sayi irinta, ya bi bayan Salihu. In ya ƙyale, Salihu ya fi shi da abu guda.

Ana cikin haka Allah ya kawo wani mai takalmi mai sheƙi da jakar kwamfuta, ranar kasuwa. Ban san sunansa ba, kuma gara da ban sani ba. Ya ba Yaya wani guntun ƙarfe ya ce ya damƙe, ya dubi kwamfutar yana girgiza kai kamar wanda aka aiko wa da rasuwa, ya ce jikin nan ba sauran bitamin B a cikinsa, ikon Allah ne kawai ke tsaye da shi. Mutumin da ba ya yarda da manomi a kan injinsa sai ya kwance ya gani da ido, shi ne ya yarda da ƙarfen da bai ko yi ɗumi a hannunsa ba. Abin da ya ƙarasa shi kuwa, da ya ambaci ƙwayar Salihu, mai jakar ya yamutsa fuska ya ce waccan ta kemis ce, haɗin kamfani, garin sinadari da rini. Tasa kuwa daga ganye da hatsi aka tatso ta, ta Allah da Annabi. Ya fito da gwangwani mai hoton ganye kore shar. Tsadarta ma ta ƙara wa Yaya imani.

Daga ranar gasar ta koma ta ƙwaya. Duk zuwan Salihu sai an zauna an gwada. A ɗaga buhu, duka su ɗaga. A yi zancen barci, kowa ya ce ko ganga aka buga a kansa ba ya ji. A zauna ci, Mairama ta ƙara tuwo. Na taɓa tarar da su suna gardamar wanda farcensa ya fi saurin tsiro, na ce musu duk wanda ya ci gasar ya zo in ba shi reza. Maza biyu masu lafiya, masu cin wake da gero da kifi da nono, an ƙara musu abin da ba su rasa ba. Randa ce cike ake ta zuba wa ruwa, wani da kofin roba, wani da na tangaran, suna musun wane kofi ya fi cika ta.

Ruwan da ya yi yawa kuwa dole ya nemi hanya. A gafarce ni, zan ambaci fitsari, don a kansa gidan yayana ya kusa watsewa. Yaya ya lura nasa ya koma rawaya fatau, kamar an jiƙa kurkur. Ya kira mai jaka a waya, shi kuma ya yi hamdala ya ce aiki ya fara kyau, tsohon ciwon shawara ne da ya kwanta a jiki tun yarinta ƙwayar ke wankowa, kada a kuskura a tsaya sai ya yi fari. Yaya ya ce to ai Salihu ma ya taɓa faɗin haka game da nasa. Aka ce masa wancan rinin jikin ƙwaya ne kawai, wannan shi ne ciwo na gaskiya.

Wallahi murna ya yi. Shekara hamsin yana jin mutane suna ba da labarin hawan jininsu da sukarinsu a bakin masallaci, shi ba shi da abin cewa. Yau ga shi da ciwo nasa na kansa, tsoho, ɓoyayye, wanda ƙwayar Salihu ba ta isa ta tono ba.

Sauran ɓarnar ba mai jaka ya yi ta ba, Yaya ya ƙarasa da iliminsa na gado. Kowa a ƙasar nan ya tashi ya ji cewa mai shawara ba ya cin mai, ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, ba ya taɓa gyaɗa. Ya shiga gida ya kafa doka: daga yau miyarsa ruwa da kuka, ba mai, ba nama, ba kifi, gishiri ma a nuna mata shi daga nesa. Mairama ta ce ta ji, za ta yi masa ita a ɗaki, amma ba za a fitar da wannan ruwan wanki ƙofar gida da sunanta ba. Ya ce shi maigida ne, a waje yake ci. Sai ya zama kullum ta yi girkinta yadda ta saba ta fitar, shi kuma ya ture kwanon bayansa ko buɗewa bai yi ba, wai tururin mai ma yana tayar da ciwon. Ya zauna yana shan rake, maƙwabta suna cin na gidajensu suna satar kallon kwanon da ba a ce musu bismilla a kansa ba. In an watse a mayar da shi ciki da nauyinsa.

Shi yana shan ƙwaya, rawaya tana fita. Rawaya tana fita, yana ƙara tabbata ciwon ya yi zurfi, yana ƙara rage ci. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata rana a gaban wani manomi daga Kambaza ya fizgi igiya, igiyar ta fizge shi.

Ina da maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, Hafiza. Na kwashe labari na gaya mata, ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ce ɗaya daga cikin bitamin B ɗin ne ke da wannan launi, abin da jiki bai buƙata ba yake zubarwa, ko daga ganye aka ce an samo ko daga kamfani. Ta ce mai lafiyar da ke cin abinci sosai da wuya ya ga wani bambanci tsakaninsu in ban da a aljihunsa, kuma in ana zargin shawara ido ake dubawa a auna jini, ba waya ake bugawa ba. Na ja ta har rumfa. Idon Yaya fari tas kamar na jariri. Ta ce ya zo asibiti a auna shi, ko kuwa ya ajiye ƙwayar kwana kaɗan ya gani. Ya ce shi kwamfuta ta riga ta auna shi, kuma yana nan aka yi sunan uwar Hafiza, ba za ta koya masa jikinsa ba.

Unguwa kuwa ba ta jiran sakamakon asibiti. Namiji yana ramewa, kwanon matarsa yana komawa a rufe, me ya rage a faɗa? Wasu suka ce wani abu ya gani a cikin miyar. Wasu suka ce wani malami ne ya gargaɗe shi. Ba wanda ya faɗa a gaban Mairama, sai ranar wani suna a bayan layinsu. Ta je da ludayinta kamar kullum, ta tarar an ɗora babbar tukunya an ba wata. Uwar biki ta tare ta da fara'a ta ce ta huta yau, ga kwanuka can in tana son taimakawa. Matar da ta shekara talatin tana ɗanɗana gishirin unguwa, ita aka tura wanke-wanke. Ta wanke su tas, ta kife, ta dawo gida.

Ina gidan da yammacin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗaure kwanon a gabansa ta ce, "Malam, kwanon ga in ya sake dawo min a ruhe, da shi za ni Maruda."

Ya ce lafiyarsa ta fi tuwo. Kwano ya fita, kwano ya dawo. Da safe ta juye wa kaji, ta wanke shi, ta sa a jaka, ta hau mota.

Abin da na gaya wa Yaya ranar ba zai rubutu ba. Gaba yake da ni, amma na manta. Ya saurare ni yana tsotsar rake, ya ce mata ba su san ciwo ba. Na fita na kira Salihu na ce ya zo ya ga abin da wasansu ya haifa.

Ya zo washegari, kuma da labari a bakinsa. Ashe zuwansa na baya ya damƙi ƙwayoyin Yaya daga gwangwani, irin satar taubashi da ba a kai ƙara, ya ajiye tasa ya sha su. Ya ce wallahi bai ji komai ya canza ba, ƙarfi ɗaya, barci ɗaya, rawayar ma ɗaya, ko mai rini ba zai bambanta su ba. Na ce alhamdulillahi, magana ta ƙare. Yaya ya ɗago ya dubi Salihu da tausayi a fuskarsa.

"Ashe kai ma kana da ita, bawana. Ai dole, jini ɗaya na. Wurin Kaka munka gado ta."

Na tashi na fita kafin in yi abin da za a kira min dangi.

Ni da Salihu muka je biko Maruda. Yayanta ya karɓe mu a zaure da fuska ba yabo ba fallasa, ya ce ita za a tambaya. Mairama ta bar mu muka gama ba da haƙuri, Salihu yana rantsuwa zai jefa gwangwanin a rijiya. Ta ce kada ya ɓata wa mutane ruwa, kuma in an jefar da wannan wani za a sayo. Ita ba ruwanta da abin da Malam ke haɗiya. Sharaɗinta ɗaya ne: za ta koma, za ta yi girki, kwano zai fita ƙofar gida a buɗe shi a gaban kowa a cinye. Tun da maigidan ba ya ci, ai tana da wani mijin. Ta dubi Salihu. Shi kuwa ya gyara hula ya ce shekara talatin yake jiran wannan rana.

Yaya bai iya cewa a'a ba. Taubashi ne, wasa ne, in ya hana ya yi fushi, in ya yi fushi ya faɗi.

Ranar da ta dawo ta kama zakaran da take ta kiwo ta ba da aka yanka. Tuwon shinkafa ta tuƙa, ta yi miyar taushe, ta kwarara man shanu har yana kwanciya a gefe. Ina kallo ta tsamo ƙundun ta ɗora a tsakiya, a saman komai, ta rufe. A gidanmu, kamar kowane gidan kirki, tun zamanin Baba ba a taɓa jin wanda ya ci ƙundun kaza ba in ba maigida ba.

Bayan magariba aka fitar. Ni da ita muka tsaya daga cikin zaure inda ake jin komai, kuma ta tsagar ƙofa ana ganin tabarma. Salihu ya zauna a wurin Yaya, ya wanke hannu har gwiwa, ya buɗe kwanon. Hira ta tsaya. Ya ce wa maƙwabta bismilla, suka yi ɗan jim, sai tsohon cikinsu ya miƙa hannu, saura suka bi. Yaya yana gefe da sandar rakensa, ya juya fuska wajen titi.

Salihu yana ci yana bayani da cikakken baki. Ya ce tun da an tabbatar ciwonsu ɗaya, shi zai sadaukar da kansa a gane ko mai yana kisa. In ya mutu, bawansa ya gaji buhunan albasa. In bai mutu ba, shi ya gaji kwano da mai kwano. Ya ɗaga cinya ya tambayi Yaya ko ya san sunan wannan, ko ya manta. Mutane suna dariya, Yaya yana murmushin da ya fi kuka ciwo. Ya daure wa cinya. Ya daure wa ƙirji. Na fara cewa a raina wannan taurin kan ko Baba bai kai shi ba.

Sai Salihu ya sa yatsu biyu ya ɗauko ƙundun, ya ɗaga shi sama yana juyawa don kowa ya gani, ya buɗe baki.

Ban ga tashin Yaya ba. Na dai ga hannunsa a wuyan hannun Salihu.

"Aje shi. Wanga ba na baƙo na ba."

"Kai da ba ka cin nama? Shawara hwa, bawana."

"Ko ita ta ajalina, ba a ci min ƙundu ƙohwar gidana ina zaune."

Ya karɓe ya jefa a baki. Ya tauna a hankali, ido a rufe. Da ya haɗiye bai koma wurin rakensa ba. Ya ture Salihu da kafaɗa, ya ce matsa, ya yanko loma ya dulmiya ta inda man ya fi taruwa. Sai ƙarar suɗi kawai ake ji. Mairama ta saki ƙofar ta koma madafa, wai za ta duba wuta, wutar da ta mutu tun la'asar.

Kwanon ya shigo ba nauyi. Kafin sati labari ya zaga, kuma bikin da aka yi bayan nan uwar biki da kanta ta zo har gida ta ce tukunya tana jiran mai ita. Mairama ta je, amma sai da ta bari aka aiko sau biyu.

Yaya ya murmure, wuyan riga ya cika, igiya ta koma jin maganarsa. Kada mai karatu ya ɗauka ya gane wani abu. Gwangwanin yana nan a rumfa kusa da kwalin fulogi, yana sha kullum, rawaya tana fita kullum, sai dai yanzu ya ce ragowar ce, ƙarfin ciwon ya karye. Duk manomin da ya kawo inji sai ya ji yadda ƙwayar ganye ta tashe shi bayan ya rame ya kusa tafiya, da yadda ta buɗe masa ciki a rana ɗaya. Salihu kuma yana Kalgo yana gaya wa mutane ya ci mai da nama a kan tsohuwar shawara bai ko yi atishawa ba, saboda 'yar kemis ta riga ta gina shi. Na ji an ce dukansu sun samu mabiya.

Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Zakaran Mairama aka ci, man shanunta aka sha, ita aka tura wanke-wanke, amma yabo ya tafi ga gwangwani da ƙullin leda. Na gaya mata zan rubuta, ta ce in rubuta in ina da lokacin ɓatawa, ita dai a bar mata Malam ya sha abin da yake so. Sannan ta miƙo min wuƙa da tiren albasa ta ce tun da na zo, kada in zauna haka nan.